Ƙuduji

Da na ajiye kaki na dawo Senchi,
gonar Baba ta tarbe ni da fure,
ja-ja, mai ɗaukar ido, kamar an yi wa ƙasa kwalliya.
Na ce ashe akwai mai murnar dawowata.
Gwaggo Rahila ta kama haɓa:
"Bariki ta makantar da kai?
Ƙuduji ne wannan. Dubi dawar."
Na duba. Ko ƙugu ba ta kai ba,
ganye ya ƙone, alhali ruwa bai yi fashi ba.

Ba daga sama yake ci ba.
Can ƙasa yake liƙe wa saiwa,
ya sha, ya sha, shiru.
Kafin ya nuna kai ya gama ɓarna.

Na san shi. Ina da irinsa a ƙirji.
Ƙarfe biyun dare yake tasowa,
in Tabita ta yi barci, in karnukan unguwa sun gaji.
Ya ce: Dantani ya faɗi, kai ka tashi.
Da ka waiwaya, da ka kama hannunsa.
Ya ce: 'ya'yansa uku, ka taɓa leƙa su?
Ya ce: fanshonka ba zai fito ba, kuma daidai ke nan.
Ran Lahadi kana buɗe baki a majami'a,
Allah yana jin kowa, in ya zo kanka ya tsallake.
Da muryata yake magana, shi ya sa na yarda.
Wa ke ƙaryata harshensa?

Gwaggo ta ce ba a yaƙarsa da fushi.
"Tuge shi tun bai zuba iri ba,
fitar da shi daga gonar, ka sa masa wuta.
Zuba taki. Baɗi ka shuka gyaɗa:
in ya tsiro bai sami abin kamawa ba,
yunwa ce ajalinsa.
Kada kuma ka ce shekara ɗaya ta isa,
irinsa na iya kwana goma a ƙasa, na damina nake nufi,
yana jiran ranar da za ka yi sakaci."
Dawa take yi wa magana.
Ni na ji da wani kunne.

Daren nan da ya zo, ban juya bango ba.
Na kunna fitila, na zauna bakin gado,
na yi masa abin da na iya a bakin shinge:
Tsaya! Wa ya aiko ka?
Na faɗi maganarsa a fili, ɗaya bayan ɗaya,
gaban Yesu, kamar mai zazzage jaka.
Wanda ya hau gicciye domina, ba haka yake magana ba.
In ya tsauta, yakan nuna ƙofa.
Wannan kuwa rami kaɗai ya sani.

Cikin kayan, ɗaya gaskiya ce.
Ban jefar da ita ba.
Ranar kasuwa na ɗaure buhu a bayan babur,
na nufi Ribah, gwiwata tana rawa.
Matar Dantani ta daɗe tana kallona,
sannan ta jawo kujera.
"Kai ne mai minsharin?
Ya sha ba mu labarinka."
Muka yi dariya har ta zama kuka,
ƙaramin yaron yana latsa hon ɗin babur.

Tun daga nan nake shuka tawa gyaɗar.
In na farka, kafin shi ya buɗe baki,
nakan ƙirga abin da ke hannu:
numfashin Tabita, rumbun da ya kai rabi,
ƙafar nan da likita ya ce a yanke, ga ta tana taka kunya.
Na gode, ya Uba. Na sake godewa.
Wani daren addu'ar ba ta wuce haka.

Fanshon har yau bai fito ba.
Shi ma bai daina zuwa ba,
sai dai ya rame, kuma na gane takunsa.

Da safen nan na ga uku a gefen tsamiya,
sun yi fure, kyawawa kamar kullum.
Na sunkuya na tuge su.
Dawa ta wuce kaina bana,
sai na ɗaga ido nake ganin zangarniya.